Gyaɗa a Gindin Bututu: Nazarin Gwajin da Ya Auna Basirar Manyan Birrai

Kayan aikin ba su da yawa. Bututun roba ne mai garai-garai kamar gilashi, tsawonsa santimita 26, faɗin bakinsa santimita 5, an toshe gindinsa, an ɗaure shi a tsaye jikin ƙarfen keji yadda ba ya jijjiguwa balle ya kife. An zuba ruwa ya kai rubu'insa, an jefa gyaɗa guda, tana can ƙasa tana yawo a kan ruwan. Hannu ba ya shiga, yatsa ba ya kai mata. An share ɗakin tas, babu sanda, babu kara, babu ko tsinke. Abin da ya rage sai ɗan famfon jikin bango wanda dabbar ta saba kafa wa baki ta sha ruwa, taku ɗaya ko biyu daga bututun. Daga nan aka buɗe ƙofa aka shigo da biri.

Haka Natacha Mendes da Daniel Hanus da Josep Call na Cibiyar Max Planck suka shirya gwajinsu a gidan namun daji na birnin Laifzig a Jamus, suka wallafa sakamakonsa a 2007. Abin da suke son sani shi ne ko dabba tana gane cewa abu kaza shi ke haifar da abu kaza, ko kuwa dacewa kawai take yi ta riƙe. Mun ɗauko wannan lamari domin malaman kimiyya da ɗalibansu a Katsina da Daura, saboda gyaɗa da ruwa ba baƙin kowa ba ne a nan, kuma ɓangaren gwajin da aka yi da yara daga baya ana iya maimaita shi a kowace makaranta da kayan da ke cikin ɗakin gwaje-gwaje.

A fara gyara suna. Jan birin nan mai doguwar wutsiya da ke ɓarna a gonar gyaɗa, ko wanda masu wasa ke yawo da shi ranar kasuwa, ba shi ake nufi ba. Manyan birrai kashi huɗu ne, duk ba su da wutsiya: cimfanzi, bonobo, gorila da orangutan. Mu mukan haɗa su a jaka ɗaya mu ce gwaggon biri. Ukun farko 'yan Afirka ne, har a Najeriya akwai cimfanzi a gandun dajin Gashaka-Gumti, akwai gorila a tsaunukan Kuros Riba. Shi kuwa orangutan, mai jan gashi da dogayen hannuwa, a tsibiran Borniyo da Sumatra yake. Orangutan mata biyar aka fara gwadawa a Laifzig, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya faru a ɗakin

Duka biyar ɗin sun fito da gyaɗar tun a karon farko. Kowacce ta fara da abin da ake tsammani, cusa yatsa, jan bututun, dukansa. Da abin ya ƙi, sai ta juya ta nufi famfo, ta guntsi ruwa, ta dawo ta tofa shi cikin bututun, ta koma ta sake guntsowa, har gyaɗar ta taso inda yatsa zai kama ta. A karon farko sun ɗauki kimanin minti 9 idan aka raba daidai. A karon ƙarshe abin bai wuce kimanin rabin minti ba.

Lissafin bututun yana nuna girman aikin. Bututu mai wannan tsawo da faɗi yana cin ruwa kusan mililita 500, wato ledar fiya wata guda. Kowane santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar wajen mililita 20. Ruwan da aka fara zubawa ya tsaya a santimita shida da rabi, saboda haka kafin gyaɗar ta ƙara hawa santimita 15 sai an ƙara kusan mililita 300. Guntsa ɗaya ba ta yi. Dole a je a dawo, a je a dawo. Kowane zuwa kuma yana nufin dabbar ta juya wa abin da take so baya, ta cika baki da ruwa ta ƙi haɗiyewa, ta riƙe shi har bakin bututun, ta saita. Wanda ya san yadda biri ke liƙe wa abincin da idonsa ya gani zai san cewa juya bayan nan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan. Sanda tana da siffa, ido yana ganin tsawonta ya gwada da nisan abinci. Ruwa ba shi da siffar kayan aiki, kuma wanda ke cikin famfo ba a ma ganinsa sai an danna. A daji ruwa abin nema ne. Cimfanzi yakan tauna ganye ya mai da shi soso ya tsoma a kogon itace ya tsotse, yakan kuma yi amfani da sanda wajen zuma da kwarkwasa kamar yadda aka gani a Gashaka. A duk waɗannan, kayan aiki daban, abin da ake nema daban. A nan kuwa abin sha ne aka mayar kayan aiki.

Masu binciken ba su yi saurin tafi ba, domin akwai wata fassara mai arha. Manyan birrai na gidan zu sun iya feshin ruwa, suna yi wa masu kula da su da 'yan kallo, musamman in ransu ya ɓaci. Mai yiwuwa ne haushi ya sa ta tofa, tofin ya faɗa bututu, faɗuwa ta zo daidai da zama. Don a kore wannan aka shirya wasu gwaje-gwajen tantancewa guda uku. A ɗaya, an liƙa gyaɗar a bakin bututun inda hannu ke kai mata. A na biyu, an ajiye ta kan tebur a wajen keji, ana ganinta amma ba a kai mata, bututun kuma yana nan da ruwansa ba komai a ciki. A na uku, gyaɗar tana gindin bututun amma babu ko ɗigon ruwa. Da haushin rashin samu ne ke sa tofi, da gwajin tebur ya fi kowanne jawo shi. Ba haka aka gani ba. Sun fi zuba ruwa inda gyaɗar ke cikin bututu, har da busasshen, suka rage sosai inda ruwan ba zai amfana komai ba. Ruwan nasu dai bai yi tsami banza ba.

Wannan sakamako ya taɓo wata tsohuwar jayayya. A 1898 Edward Thorndike a Amurka ya riƙa kulle kyanwowi cikin akwatuna masu sakata, ya ga suna ta kokawa har su taɓa sakatar bisa kuskure, sannan a hankali lokacin fitarsu ya riƙa raguwa. Ya yanke cewa dabba ba ta ganewa, abin da ya biya ta shi take maimaitawa. Wolfgang Köhler, wanda ya fara aiki da cimfanzi a tsibirin Tenerife a 1913, ya ce akwatin ne bai ba kyanwar damar ganin yadda sakatar ke aiki ba. Shi ya shimfiɗa komai a fili, ya ga wani cimfanzi mai suna Sultan ya cusa siririyar gora cikin mai kauri ya haɗa doguwar sanda ya jawo ayaba. Amma shi Köhler ɗin ya lura da wani gurbi: birran da suka gane cewa ɗora akwati kan akwati zai kai su ga ayabar da ke rataye, ba su san yadda ake daidaita akwatin ya zauna ba, sai su ɗora shi a karkace su hau yana rawa. Cibiyar da aka yi gwajin gyaɗar a cikinta sunan Köhler take ɗauke da shi, kuma a 2007 kamar shi ne ya yi nasara.

Da aka faɗaɗa gwajin

Birrai biyar ba su isa a yanke wa jinsi hukunci ba. Hanus da Mendes da Call, tare da Claudio Tennie, suka maimaita gwajin da wasu, suka fitar da sakamakon a 2011. Cimfanzi da gorila na Laifzig ɗin, a gida ɗaya da waɗancan orangutan, da bututu iri ɗaya, babu ko ɗaya da ya fito da gyaɗar. Aka tafi wata cibiyar kula da orangutan a Borniyo, nan ma babu. Aka tafi tsibirin Ngamba da ke cikin Tafkin Biktoriya a Yuganda, inda ake riƙon cimfanzin da aka ƙwato daga hannun mafarauta da 'yan fasa-ƙwauri. A can biyar suka ci, kimanin kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka gwada, kuma gwajin tantancewa ya nuna su ma ba sa zuba ruwa sai in ana buƙatarsa. An ma ga wanda ya yi fitsari cikin bututun.

To me ya raba cimfanzin Laifzig da na Ngamba, alhali jinsinsu ɗaya? Masu binciken suka koma kan famfon. Na Laifzig sun shekara da shekaru suna shan ruwa a famfo ɗaya, a wuri ɗaya, don buƙata ɗaya. Na Ngamba kuwa sabon abin shan ruwa aka kafa musu domin gwajin. Sai aka kafa wa na Laifzig sabo su ma, mai kama daban da wanda suka sani, kuma wasunsu suka fara kai ruwa bututun. Masu binciken da kansu sun ɗauki wannan a matsayin alama, ba hujja yankakkiya ba, kuma haka ya kamata a ɗauke shi, don kuwa birran sun riga sun taɓa ganin bututun, sabon abu kuma ko ba komai yana jan hankali. Amma fassarar tana da ƙarfi. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da sanin cewa idan mutum ya saba da amfanin abu guda, yakan makance ga sauran amfaninsa. Wanda ke neman abin buga ƙusa zai iya zagaye ɗaki yana neman guduma ga taɓarya a jingine. Sabo turken wawa, kuma da alama turken yana kama biri.

A cikin aikin na 2011 an gwada yara 72, 'yan shekara 4 da 6 da 8, kowane rukuni 24, da tulun ruwa a gefe maimakon famfo. Cikin 'yan shekara 4, kashi 8 cikin 100 ne suka ci, wato yara 2. Cikin 'yan shekara 8, kashi 58, wato 14. Ke nan yara 10 masu shekara 8, waɗanda suka sha ganin abu yana yawo a kan ruwa a wajen wanka, sun zauna gaban bututun lokaci ya ƙare. Babu mai cewa waɗannan yara ba su san ruwa yana ɗaga abu mara nauyi ba. Sanin yana nan, kiran sa a lokacin da ake buƙata ne ya gagara. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu cewa gorilar da ta kasa jahila ce.

Guntsar farko da ta biyu

Inda gizo ke saƙa shi ne a raba aikin gida biyu. Akwai guntsar farko, wadda dabbar ta kai bututun tun kafin ta taɓa ganin abin da ruwa zai yi. Akwai kuma ta biyu da ta uku, waɗanda suka biyo bayan ta ga gyaɗar ta motsa ta ɗan matso. Idan basira ce cikakkiya irin wadda Köhler ke nufi, dabbar ta riga ta ga ƙarshen aikin a cikin kanta, ko an rufe mata ido za ta ci gaba. Idan kuwa gani take bi, da an ɓoye mata hawan gyaɗar za ta daina.

Sonja Ebel da abokan aikinta sun gwada wannan, aka wallafa a 2019. Sun yi amfani da bututu biyu, mai garai-garai da wanda ba a ganin cikinsa ta gefe. Birran da suka fara koyon dabarar da bututu mai haske sun ci gaba da yinta a mai duhun. Waɗanda aka fara ba mai duhun kuwa ba su ci ba. An kuma gano cewa nuna musu bututun cike da ruwa, gyaɗar tana yawo a baki, yana taimaka musu su kama hanya.

A ganinmu ga abin da wannan ke nufi. Birin da ya ci gwajin bai zo da cikakken lissafi a kansa ba. Yana da wani zato da ya kai shi famfo, zaton da ba ya zuwa wa kowa, shi ya sa masu cin suka yi kaɗan. Amma da ya tofa ya ga gyaɗar ta hau, nan take ya karanta abin da ya gani daidai, ya san ruwan ne sanadi, ya san ƙari zai ƙara, ya kuma riƙe wannan sani har inda ido ba ya gani. Kyanwar Thorndike ba haka take ba, ita sai an biya ta sau da yawa kafin ta kama. Birin nan kuwa bayan guntsar farko ba a ba shi komai ba, gyaɗar tana nan nesa da yatsansa, hawan da ta ɗan yi ne kaɗai ladansa. Wanda ya ce wannan dace ne bai kalli gwajin tantancewa ba. Wanda kuma ya ce biri ya san ka'idar yawo a kan ruwa yadda ɗalibin fiziks ya san ta, ya zarce abin da hujja ta ba shi.

Akwai wani gwaji da ya bi irin wannan hanya, ya kamata a ajiye shi gefe da na gyaɗar. Bututu ne a kwance, buɗe ta kowane gefe, an huda rami a tsakiyarsa ta ƙasa an liƙa ɗan kofi. Abinci yana ciki, gefe ɗaya da ramin, dabba kuma tana da sanda. In ta cusa sandar ta ɓangaren da ya fi kusa da abincin, za ta tura shi ya faɗa rami. Sai ta zagaya ta cusa ta ɓangaren nesa, sandar ta tsallake ramin ta tura abincin waje. Elisabetta Visalberghi da Luca Limongelli sun gwada ƙananan birrai huɗu na Kudancin Amurka a Rum a 1994, ɗaya ce ta koya, kuma da aka juya bututun ramin ya koma sama inda ba abin da zai faɗa masa, ta ci gaba da guje masa. A 1995 aka gwada cimfanzi biyar, biyu suka ci. Daniel Povinelli a jihar Luwiziyana ta Amurka ya sami irin wannan da cimfanzinsa, ya ƙarasa da cewa ƙa'ida kawai suke haddacewa, ba su san rami yana haɗiye abu ba.

Sai gyara ya fara shigowa. A 2005 Francisco Silva da abokansa suka ba manyan mutane bututun da aka juya, su ma yawanci suka guje wa ramin da ba ya aiki, don guje masa ba ya cin kowa komai. Ashe ma'aunin ne gurgu. A 2006 Nicholas Mulcahy da Call suka faɗaɗa bututun yadda za a iya jawo abincin maimakon tura shi. Cikin manyan birrai goma, tara sun fi son jawowa, orangutan biyu da cimfanzi ɗaya suka riƙa kauce wa ramin in yana aiki, su yi biris da shi in an juya, amma da aka mayar da su tsohon tsari na turawa sai suka kasa. A 2009 Amanda Seed da abokanta suka cire sandar gaba ɗaya, aka yi akwatin da ake gusar da abincin da yatsa, cimfanzi takwas duk suka koya. Ramin bai canza ba. Nauyin da aka ɗora wa dabbar ne aka rage, na riƙe sanda, da lura da rami, da tura abinci nesa da kai, duk a lokaci guda.

Hujja mafi tsafta ta fito ne inda ba a buƙaci kayan aiki ko kaɗan ba. A 2008 Hanus da Call suka ɗora kofuna biyu a bakin sikeli mai hannu biyu, irin na masu awo, aka ɓoye yankin ayaba a ɗaya ba tare da cimfanzi ya ga wanne ba. Da sikelin ya rinjaya, sai suka zaɓi kofin da ya yi ƙasa tun daga farko. Da kuwa hannun mai gwajin ne ya danna sikelin, ko kofunan suna kan gangaren da ba ya motsi, ba su nuna wannan fifiko ba.

Maimaita ɓangaren yara a makaranta

Ba da biri za a yi ba. Kama jan biri don gwaji cutarwa ce, kuma ba zai amsa tambayar ba tunda ba ya cikin manyan birrai. Da yara za a yi, bayan izinin shugaban makaranta da iyaye, a kuma tambaya ko akwai wanda gyaɗa ke tayar wa da ƙaiƙayi ko kumburi a cire shi.

Silindar awo ta roba mai cin mililita 250 ta fi dacewa, bakinta wajen santimita 4, hannun ɗan shekara huɗu ba ya shiga. Mai cin 500 ma tana yi, amma a fara gwada ta da hannun mafi ƙanƙanta a ajin. A guji gorar ruwan sha da ba a yanke ba: gyaɗar tana hawa lafiya har ta iso kafaɗar gorar, sai ta gicciye a ƙarƙashin wuyan ta maƙale, yaron da ya gano dabarar ya tashi a banza. A ɗaure silindar jikin ƙafar tebur mai nauyi da robar tayar keke a wuri biyu, sama da ƙasa, domin abin da yaro zai fara yi shi ne ƙoƙarin kifar da ita. Gyaɗar ta zama busasshiya mai ɓawo, mai ƙwaya biyu, iskar da ke cikin ɓawon ce ke ɗaga ta. Ɓararriya ba a dogara da ita, mai tsagaggen ɓawo kuma tana shan ruwa ta yi nauyi. A jefa kowacce cikin kofi a gani kafin ranar, a bar ta ta bushe. A tanadi sabuwa ga kowane yaro.

A kwashe duk wani abu dogo daga ɗakin: rula, fensir, biro, tsintsiya, kara, har da 'yar sandar Malam. A raba yaran kowane aji biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi su sami silinda mai ruwa zuwa rubu'i, rabi su sami busasshiya. Busasshiyar ta bushe da gaske, a goge cikinta da tsumma a kan sanda bayan kowane yaro, don ɗigon ruwa a jikin roba ya isa ya tona asiri. Haka ƙasan teburin.

Mazubin ruwa shi ne wurin da za a fi yin kuskure, kuma nan ne darasin famfon Laifzig ke aiki. Buta a idon yaron Katsina ta alwala ce da kewayawa. Yaron da ya tashi a gidan da ake sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan garuwa an sha yi masa faɗa kan wasa da ruwa. Irin wannan yaro zai iya gano amsar tsaf, ya kalli butar, ya ɗago ya saci kallon Malam, ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da cusa yatsa. A takarda za a rubuta ya kasa, alhali ladabi ne ya riƙe masa hannu. Don haka a yi amfani da jug ko kofin roba mai cin lita ɗaya, a sa yaron ya ba wata shuka ruwa da shi kafin a fara, ya san an halatta masa taɓawa, sannan a sake cika shi a ajiye kimanin mita ɗaya daga silindar. Mai son ya auna ƙarfin sabo sai ya ƙara rukuni na uku da buta, ya kwatanta.

Maganar da za a yi wa yaro ta zama ɗaya ga kowa, a rubuce: "Yarona, ka ga gyaɗar can? In ka fito da ita akwai alewa. Duk abin da ke ɗakin nan kana iya taɓawa. Ni ina da aiki, ba zan taya ka ba." Ga yarinya a ce "'yata". Daga nan Malam ya koma gefe ya duƙufa kan takarda. In yaron ya ce, "Malam, in zuba ruwa?" amsar ita ce, "Yi duk yadda ka ga dama," ba tare da murmushi ko gyaɗa kai ba, a kuma rubuta cewa ya tambaya da lokacin da ya tambaya. Kada Malam ya kalli jug ɗin. Kada kuma ya taɓa nuna wani motsi a kan silindar, domin yara suna kwaikwayon babba har a abin da ba shi da amfani. Victoria Horner da Andrew Whiten sun nuna haka a 2005: da aka buɗe akwati mai garai-garai a gabansu da wasu motsi na banza, cimfanzin Ngamba sun watsar da na banzan, yara kuwa suka kwafe duka.

A ba kowane yaro minti 8. Abin da za a rubuta ya wuce ya ci ko bai ci ba: lokacin da ya fara kallon ruwan, lokacin da ya taɓa jug, lokacin zubawar farko, ko ya tsaya ya duba bayanta, zubawa nawa ya yi, da lokacin da gyaɗar ta fito. Tazarar da ke tsakanin zubawar farko da ta biyu ita ce za ta nuna wanda ya zo da shirinsa da wanda ganin hawan gyaɗar ya farkar. Kowane rukuni kada ya gaza yara 12, in ba haka ba yaro ɗaya zai karkatar da sakamakon. A gama da aji guda a rana ɗaya kafin a tashi tara, wanda ya fito kuma a wuce da shi wani ɗaki daban, alewarsa a aljihu, har a sallami na ƙarshe.